BA A SHAIDAR KATALIS SAI YA SHA WUTA

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce hali zanen dutse ne, watau abin da aka halicci mutum da shi ba ya kankaruwa. To, amma masana ilmin haɗa sinadarai sun daɗe da gano cewa shi kansa dutsen yakan sake hali idan wuta ta ratsa shi, alhali kuwa ba a ƙara masa kome ba, ba a rage masa kome ba. Sunansa na nan yadda aka san shi, amma aikin da ya yi jiya ya gagare shi yau. Wannan al'amari ya fi fitowa fili a cikin wasu sinadarai da ake kira katalis, waɗanda masana'antun duniya suka dogara da su wajen yin takin zamani da tace man fetur da kuma tsabtace hayaƙin mota.

Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi guda ɗaya ne. Kuskure ne babba a yanke wa katalis hukunci bisa sunansa kawai, ko bisa kamannin da aka gan shi da su yana zaune a sanyi cikin kwalba. Kamar yadda ba a shaidar ɗan kuturu sai ya shekara da yatsa, haka nan ba a shaidar katalis sai an dube shi a cikin zafin da yake aiki. Za a kawo hujjoji daga abin da masana suka tabbatar, a kuma saurari masu wani ra'ayi daban.

Ma'anar Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya kamata a warware kalmomi uku. Ta farko ita ce katalis. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa wannan aiki suna a shekarar 1835. Katalis wani abu ne da ke gaggauta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare a cikin haɗin ba. Misalinsa kamar dillali ne a kasuwa: shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, su tafi, shi kuwa ya zauna jiran wasu. Kuma kamar yadda dillali yake bukatar fili a gaban rumfarsa, katalis mai tauri yana yin aikinsa ne a kan fuskarsa, inda iska ko ruwa ke taɓa shi. Gwargwadon faɗin fuskarsa, gwargwadon cinikin da zai iya ƙullawa.

Kalma ta biyu ita ce oksaid, watau abin da ake samu idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin. Tsatsar da ke cin fartanya dangin oksaid ɗin baƙin ƙarfe ce. Oksaid ɗin alminiyam shi ake kira alumina, na titaniyam titaniya, na zirkoniyam kuma zirkoniya.

Kalma ta uku ita ce zubi. Ɗaliban Hausa sun saba da ita a nazarin waƙa, inda ake bambanta jigo da zubi da tsari. A nan an aro ta ne don a bayyana yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin daskararren abu, sahu-sahu, bisa ƙa'idar da ke maimaita kanta. Magini yana iya ɗaukar tubali dubu ya ta da rumbu mai sarari a ciki, yana kuma iya cusa su wuri ɗaya ya yi katanga. Tubalin ɗaya ne, amfanin ya bambanta. Tun farkon shekarun 1820 Bajamushen nan Mitscherlich ya nuna cewa sinadari ɗaya yana iya fitowa da zubi fiye da ɗaya. Amma ba a sami hanyar leƙa jerin ƙwayoyin ba sai a 1912, lokacin da von Laue da abokan aikinsa suka haska kiristal da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. A shekarar da ta biyo baya Bragg da ɗansa, a Ingila, suka fara karanta jerin ƙwayoyi daga wannan haske. Duk awon zafi da za a ambata nan gaba kuwa bisa ma'aunin Salshiyas ne, wanda ruwa ke tafasa a digiri 100 nasa.

Sauyin da Ba Ya Komawa

Alumina ce ta fi kowane oksaid yawan amfani a matsayin shimfiɗar da ake baza katalis a kanta. Ita ake amfani da ita a matatun mai, irin wadda aka buɗe a Kaduna a 1980, ita ce kuma ke cikin tukunyar tace hayaƙi da ke haɗe da salansar mota. Idan aka gasa ɗanyen garinta mai ɗauke da ruwa zuwa wajen digiri 500, sai a sami zubin da ake kira gama. Wannan zubi cike yake da ƙananan ƙofofi kamar soso, har giram ɗaya kan mallaki fuska mai faɗin murabba'in mita 200 ko fiye. Ke nan giram 35 kacal, abin da bai cika tafin hannu ba, yana da fuska daidai da filin ƙwallon ƙafa.

Idan zafi ya ci gaba da hawa, sai gama ta bi ta wasu zubi na tsakiya, delta da teta, har a tsakanin digiri 1100 da 1200 ta rikiɗa ta koma zubin alfa. A nan ƙwayoyin sukan matsu da juna, ƙofofin su toshe, faɗin fuskar ya faɗo ƙasa da murabba'in mita 10 a giram ɗaya. Zubin alfa shi ne na dutsen yaƙutu: mai tauri ne ƙwarai, mai kyau ga ido, amma ba shi da rumfar da dillali zai zauna. Ko an huce shi, ba ya komawa gama har abada. Wanda ya auna sinadarin kafin gashi da bayansa zai tarar da alminiyam biyu da oksijin uku, ba ragi ba ƙari, sai ya rubuta suna ɗaya a kan kwalabe biyu da aikinsu ya sha bamban.

Tun daga motocin shekarar 1975 aka fara sanya tukunyar tace hayaƙi a yawancin sababbin motoci a Amurka, saboda dokar tsabtar iska ta 1970. A cikinta akwai wani abu mai kama da saƙar zuma, an shafe shi da alumina mai zubin gama, an kuma yayyafa ƙarafa masu tsada irin su filatinam a kai. Idan fulogi ya mutu, ɗanyen fetur ya riƙa sauka cikin tukunyar yana ci da wuta, zafinta na iya haura digiri 1000. Tururin da ke cikin hayaƙi kuwa yana ƙara saurin rikiɗar. Sai ƙofofi su rufe da filatinam a ciki, sauran ƙwayoyin filatinam ɗin su dunƙule. Mai mota ba zai ga kome da ido ba, amma gubar da aka so a kashe tana fita yadda ta shigo. Don haka masu ƙera tukunyar sukan cuɗa alumina da ɗan lantanam ko bariyam, su jinkirta rikiɗar.

Labarin titaniya ma makamancin wannan ne. Zubinta biyu da aka fi sani su ne anatas da rutil. Anatas aka fi so a harkar katalis, amma daga wajen digiri 600 yakan fara komawa rutil, jikinsa ya tsuke da kimanin kashi 8 cikin ɗari, kuma ba ya dawowa. A ƙasar Japan, cikin shekarun 1970, aka inganta katalis ɗin da ke cire gubar naitirojin daga hayaƙin tashoshin wutar lantarki. An gina shi da oksaid ɗin banadiyam a kan anatas, yana aiki tsakanin digiri 300 da 400. Abin mamaki shi ne, banadiyam ɗin da ke yin aikin shi ne kuma ke ingiza anatas ya rikiɗa da wuri, sai da aka ƙara oksaid ɗin tangistan don ya riƙe shi. Bugu da ƙari, a 1998 Zhang da Banfield suka nuna cewa idan ƙwayar garin ba ta kai nanomita 14 ba, anatas ya fi rutil zama da gindinsa. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ashe ke nan babu wani adadin zafi guda da za a haddace a ce a nan rikiɗa take aukuwa. Girman ƙwaya da abin da aka cuɗa da iskar da ke kewaye da tsawon lokacin gashi duk suna da ta cewa.

Sauyin da Ba Ya Barin Sawu

Wani na iya cewa ai irin wannan rikiɗa tana barin shaida, don haka awo a sanyi zai tona ta. Gaskiya ne, ko da yake ba zai faɗi yaushe ta faru ba, ko ta wace hanya ta bi. To, amma akwai rikiɗar da ke share sawunta, kuma a nan ne hujjar wannan maƙala ta fi ƙarfi.

Tsantsar zirkoniya tana da zubi uku. Tana kan na farko har zuwa wajen digiri 1170, ta koma na biyu har zuwa wajen digiri 2370, sannan ta shiga na uku kafin ta narke. Da zarar ta huce sai ta koma zubin farko, tare da kumburin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wanda kan tsattsaga ta. Wanda ya dube ta kafin wuta da bayan wuta zai ga zubi ɗaya, ya tarar da tsaga bai san mafarinta ba. A 1965 Garvie ya nuna cewa ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ba su wuce wajen nanomita 30 ba, suna iya riƙe zubi na biyu ko a sanyi. Wannan zubi na biyu shi ake nema a katalis ɗin zirkoniya mai ɗauke da farar wuta, wanda ake amfani da shi wajen inganta fetur.

Misalin da ya fi wannan ban mamaki shi ne na asid ɗin farar wuta, wanda ake tsarma shi a yi ruwan batir, ake kuma yin takin sufa da shi. Katalis ɗin da ake sarrafa shi da shi oksaid ɗin banadiyam ne haɗe da gishirin fotasiyam, a cikin wata farar ƙasa mai ƙofofi. A hannu busasshen tsaki ne. Amma a cikin masana'anta, tsakanin digiri 400 da 600, ɓangaren da ke yin aikin narkakke ne, ya shafe bangon ƙofofin kamar man shanu a kasko. Idan zafi ya sauka ƙasa da kima, sai wani sashe na banadiyam ya daskare ya fita daga narkakken, aiki ya yi rauni. Duk wanda ya siffanta wannan katalis daga abin da ya gani a kwalba, haƙiƙa ya siffanta wani abu ne daban da wanda ke yin aikin.

Inda Wuta Take Gyara

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wuta ɓarna kaɗai take yi. Sau da yawa ita ce ke haifar da katalis ɗin. Takin yuriya da manomi ke zuba wa masara daga amoniya ake yin sa, amoniya kuwa daga haɗa naitirojin na iska da haidirojin. Kamfanin BASF na Jamus ne ya buɗe masana'antar farko ta wannan hanya a garin Oppau a 1913, bisa aikin Haber da Bosch. Masana'antun yuriya da ke aiki da iskar gas, har da wadda aka buɗe a Lekki ta Jihar Legas a 2022, suna bin matakai uku da suka shafi wannan bayani.

A mataki na farko ana haɗa gas da tururi a zafin da ya kai wajen digiri 800, a kan katalis ɗin nikel. A nan akan zaɓi shimfiɗar da ta riga ta sha wuta, irin alumina mai zubin alfa, domin ba ta da sauran rikiɗar da za ta yi. Zubin da ya zama asara a salansar mota ya zama abin nema a wannan wuri. A mataki na biyu ana juya gubar kabon monoksaid da tururi, tsakanin digiri 350 da 450. Katalis ɗin da ake sayowa jan oksaid ɗin baƙin ƙarfe ne, hematait, da kimanin kashi 8 cikin ɗari na oksaid ɗin kuromiyam. Sai an ɗora shi cikin tukunya an ba shi zafi da iskar aiki sannan ya koma baƙin oksaid, magnatait, wanda shi ne ainihin ma'aikacin. Idan tururi ya yi ƙaranci, rikiɗar takan zarce har ta kai ga tsantsar ƙarfe, katalis ya shiga yin abin da ba a sa shi ba. A mataki na uku kuwa, inda amoniya ke haɗuwa, magnatait ake zubawa, amma tsantsar ƙarfen ake bukata, don haka da gangan ake cire masa oksijin sannu a hankali. A waɗannan matakai biyu na ƙarshe ba zubi kaɗai ke sauyawa ba, har da yawan oksijin, sai dai darasin ɗaya ne: abin da aka saya a ganga daban, abin da ke aiki a tukunya daban.

Hujjar Masu Awo a Sanyi

Masu wani ra'ayi suna da hujjoji biyu da bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce tsada. Na'urorin da ke leƙa cikin katalis yana tsakiyar aiki suna da tsada ainun, mafi ƙarfinsu kuwa, watau manyan tashoshin hasken eksire da ake kira sinkurotiron, ƙasashe kaɗan ne suka mallake su. Taron farko na neman gina wa Afirka irin wannan tasha ma a birnin Grenoble na Faransa aka yi shi a 2015, domin a lokacin nahiyar ba ta da ko guda. Hujja ta biyu ita ce tarihi. Sukan ce Mittasch na kamfanin BASF ya samo katalis ɗin amoniya tun kafin a iya karanta zubi, ta hanyar gwaji da kuskure kawai, duniya kuma ta ci moriyarsa fiye da shekara ɗari.

Amsar hujja ta biyu tana cikin labarin kansa. Dubban gwaje-gwaje Mittasch da mutanensa suka yi, kuma kowane gwaji a cikin zafi da matsin iskar aiki aka yi shi. Watau shi ma bai shaidi katalis a kwalba ba. Abin da ya rasa shi ne idon ganin dalili, kuma rashin wannan ido ne ya sa aka yi shekara da shekaru kafin a fahimci aikin, har Gerhard Ertl ya sami kyautar Nobel a 2007 bisa binciken da ya haɗa da bayyana yadda amoniya ke haɗuwa a fuskar ƙarfe.

Game da tsada kuwa, ba kowane awo a cikin zafi ne ke bukatar babbar tasha ba. Tun a 1887 Bafaranshen nan Le Chatelier ya riƙa gasa yumɓu yana bin zafinsa da ma'auni, yana lura da inda hawan zafin ya tsaya ko ya yi sauri, alamar cewa wani sauyi na faruwa a ciki. Wannan dabara tana nan, an inganta ta, kuma ba ta fi ƙarfin ɗakin gwaji na jami'a ba. Haka kuma ana iya haɗa ƙaramin murhu da na'urar eksire ta yau da kullum, a ɗauki hoton zubi a kowane mataki na zafi. Asarar da ke biyo bayan mutuwar katalis a masana'anta, inda za a tsai da aiki kwanaki ana sauke tukunya, ta ninka kuɗin irin wannan awo.

Sai dai akwai gyara guda da ya wajaba a karɓa. Hasken eksire cikin ƙwaya yake gani, aiki kuwa a fuska ake yin sa, kuma abin da ba shi da tsararren zubi, kamar narkakken banadiyam, ba ya bayyana sosai a hotonsa. Saboda haka dubawa a cikin zafi kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa da awon abin da katalis ɗin yake fitarwa a daidai wannan lokaci. Wannan hanya ita ce masana suka raɗa wa suna oferando, daga kalmar Latin mai nufin yana cikin aiki, suka kuma yi babban taronta na farko a Lunteren ta ƙasar Holan a 2003.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, abubuwa uku suka wajaba. Mai bincike ya faɗi zubin da ya auna da zafin da ya auna shi, domin rahoton da ya ce alumina ko titaniya ya yi shiru bai faɗi rabin magana ba. Mai masana'anta ya nemi sanin iyakar zafin da katalis ɗinsa zai jure da abin da aka sa a ciki don jinkirta rikiɗa, ya kuma kiyaye wannan iyaka, tun da rigakafi ya fi magani. Mai koyarwa kuma ya daina gabatar wa ɗalibai sinadari kamar abu mai hali ɗaya tak.

Akwai kuma rabon ɗaliban harshe a cikin wannan magana, domin daga cikinsu ne ake samun masu fassara da masu rubuta littattafan kimiyya da Hausa. Mai fassarar da bai san bambancin sinadari da zubinsa ba zai ba abubuwa biyu kalma ɗaya, ya rikita mai karatu a daidai wurin da ilmin yake. Harshen kuwa ba ya rasa abin ginawa a kai. Maginiyar tukwane ta san ɗanyar tukunya ruwa na narkar da ita, gasasshiya kuwa ba ta komawa laka, maƙeri kuma ya san ƙarfen da aka tsoma a ruwa yana ja ba ɗaya yake da wanda aka bari ya huce a iska ba. Kalmomin waɗannan sana'o'i, irin su gashi da zubi da zuga, sun cancanci a bi su gida-gida a tattara, a ga waɗanda za su iya ɗaukar nauyin sabon ilmi kafin a ruga aro. Allah ya sa a dace.